Tsakuwar Gindin Rijiyarmu

Rijiyar gidanmu a Zaitawa tana tsakar gida, taku huɗu daga bangon ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Kakanmu ne ya sa aka haƙa ta, ko Inna ma a haƙe ta tarar da ita lokacin da ta zo gidan. Yawancin rijiyoyin lungunmu zartsi ne, in ka sa sabulu sai ya dunƙule ya ƙi kumfa. Tamu kuwa ruwan daɗi gare ta. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda ya taɓa tambaya.

Ni sana'ata wankin hula, kuma da ruwan wannan rijiya nake yi. A zaure nake aiki, inda nake jera itatuwan da ake ɗora hula a kai ta bushe. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton sabulu da buroshi ne aikin, amma rabin aikin ruwa ne. In ruwa yana da ja ko yaya, farin zare zai sha, kuma in ya sha ya sha ke nan. Mai hula ba zai ce maka komai ba. Zai karɓa, ya juya ta a hannu, ya yi godiya, daga ranar kuma sai dai ku gaisa a masallaci.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki su koma bariki, aiki ya yi mini yawa yadda ban taɓa gani ba. An buɗe siyasa, kullum ana taro, yau a wannan fili gobe a wancan. Mutumin da a da yake kawo mini hula ɗaya daga salla sai salla, sai ga shi da ƙube uku da zanna biyu, yana cewa gobe yake so. Ina idar da sallar asuba nake fara jan ruwa, ba na ajiye guga sai hantsi.

Da bazara ta yi nisa, ruwa ya ja baya kamar yadda ya saba, guga ya fara taɓo laka. A cikin gari ƙarshen bazara ake yasar rijiya, kafin ruwan sama ya sauka, domin lokacin ne ruwanta ya fi ƙaranci. Tamu ta shekara shida ba a yashe ta ba, tun rasuwar Baba. Da ransa shi yake kiran mai yasa, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin rijiyar har a gama. Mu namu jan igiya ne da zubar da laka. Ban taɓa shiga ba, ban kuma taɓa sauraron abin da suke faɗa wa juna ba. Wannan karon na aika a kira wanda ya yi mana yasar ƙarshe, aka ce ya tafi ƙauye sharar gona. Ga huluna a tare. Na ce to me ke cikin yasa? Wanki ne dai, wanki kuwa aikina ne.

Na roƙi maƙwabtana biyu su riƙe mini igiya, wani tela da muke katanga ɗaya da wani mahauci na bakin lungu. Muka kwashe ruwan da ya rage har ya koma iya gwiwa, na ɗaura igiya a ƙugu, na sauka ta ramukan da aka sassaƙa a jikin bango don taka ƙafa. Zurfinta gaba tara ne. Daga sama jar ƙasa ce mai tauri, can ƙasa kuma, kamar tsayin mutum biyu, an gine ta da duwatsu. Sanyin da na tarar a ciki a tsakiyar zafin nan, sai da na ji kamar in nemi wuri in zauna.

Na fara cika bokiti suna ja. Da fari baƙar laka ce da abin da shekara shida ta tara: tsohon guga, murfin kwano, ludayi, takalmi wari ɗaya. Duk abin da ya fita sai in jiyo matan gida suna gardamar na wace ce. Da laka ta ƙare, hannuna ya taɓo duwatsu kamar dunƙulen hannu, baƙi ƙirin, masu santsi. Na ce a raina waɗannan jifan yara ne na shekara da shekaru. Na kwashe su. Ƙarƙashinsu na tarar da tsakuwa mai girman goro, ƙarƙashinta wata mai girman wake, duk ta yi baƙi. Hannun mai wanki ba ya son barin datti a baya. Na kwashe. Sai wani yashi mai kaushi, shi ma ya yi duhu, shi ma na kwashe.

"Malam!" in ji tela daga sama, muryarsa tana amsa kuwwa. "Rijiya kake yasa ko ƙube kake wankewa? Hannunmu ya mutu!"

"Saura kaɗan," na ce.

"Tun ɗazu saura kaɗan. In ka ɓulla ta Dala ka aiko a faɗa mana."

A ƙarshe na kai ga wani farin rairayi mai laushi kamar garin tuwo, tas, babu ɗigon baƙi. Raina ya yi fari. Ina tsaye ina kallonsa sai na ga yana motsi, yana ɓulɓulowa wuri-wuri kamar talge a tukunya, ƙafata kuma tana nutsewa a hankali har idon sawu. Na ɗaga murya na ce, "Idon ruwa ya buɗe!" Suka yi hamdala, suka taimaka mini na fito. Mahauci ya roƙi duwatsun da tsakuwar da yashin, ya ce akwai rami a ƙofar gidansa da ruwa yake kwanciya da damina. Na ce ya kwashe, ya ma rage mana aiki.

Washegari na jefa guga na jawo, sai ga ruwa kamar koko. Kowa ya ce ai haka sabuwar yasa take, a kwashe gurɓataccen, mai kyau zai biyo baya. Haka muka sani, haka kuma ake yi wa randa in ta yi datti. Muka shiga kwasa. Kwana uku ina ja, tela yana karɓar mini in ya gaji da keke, amma ruwan sai ƙara kauri yake yi. Kowane guga yana fitowa da rairayi a gindinsa, kamar tafi biyu. Muna zubawa a gefe, mata suna ɗiba suna goge tukwane, duk da haka sai da tarin ya kai gwiwa.

Rana ta huɗu, Litinin ce, matata tana shara da safe ta kira ni. Ta nuna mini wata siririyar tsaga a ƙasa, ta taso daga bakin rijiya ta miƙe har gindin bangon ɗakin Inna. Na karɓi madubinta na tare rana na haska cikin rijiyar. Dutse ɗaya a sahun ƙasa na ginin ya sunkuyo, ya rabu da 'yan uwansa.

Yayanmu, wanda yake riƙe da gidan tun bayan Baba, fatu yake sayarwa a Kurmi. Mutum ne marar yawan magana. Da ya dawo bayan la'asar ya tsuguna ya sa ɗan yatsa a tsagar, ya miƙe ya ce a fitar da kayan Inna yanzu. Aka mayar da ita ɗakin matata tana ta faɗa. Sannan ya kira ni zaure.

"Za a cike ta," ya ce.

"Yaya, rijiyar Baba?"

"Ɗakin Inna ma na Baba ne. Gobe zan yi magana da masu jakuna, ranar Asabar su fara kawo ƙasa. Ga 'yan siyasa nan kowa yana cewa zai ja famfo har ƙofar gida."

"Kafin su ja fa? Da me zan yi wanki?"

"Ka sayi na garuwa kamar kowa."

Ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce, kuma ni na jawo. Amma na san ruwan garuwa. Yau na famfo ne, gobe na wata rijiyar zartsi, ba za ka sani ba sai ka riga ka jiƙa hular mutane. In aka cike rijiyar, wankin hula ya tashi daga gidanmu, ni kuwa ban iya wata sana'a ba, ga shekara arba'in da 'yan kai.

Inna ce ta kira ni da na shiga gaishe ta. Ta ce, "Ka je Jakara ka nemi tsohon Bazazzagin nan, wanda ya koya wa mai yasarku aiki. Shi ya daɗe yana shiga wa babanku. In dai yana raye."

Yana raye. Na same shi da safe a wata rumfa yana sayar da guga da igiya, ƙanƙanen tsoho mai manyan hannuwa. Na gaishe shi na faɗa masa gidan da na fito. Ya ce, "Gidan rijiyar daɗi? Me kuka yi mata?" Ni kuwa ban ma kai ga cewa an yi mata wani abu ba.

Da ƙafa muka taho, yana dogara sanda. Da muka shiga gida bai leƙa rijiyar ba, tarin rairayin nan ya nufa. Ya ɗebo ya murza tsakanin yatsu, ya dubi tsagar, ya dube ni.

"Ina duwatsun?"

"Waɗanne duwatsu, Baba?"

"Na gindinta. Da tsakuwar, da yashin."

"Suna ƙofar gidan mahauci."

Ya tafa hannu. "Kai, Kanawa! In kuka ga abu a ajiye ba ku tambayar wa ya ajiye, sai dai wa zai ɗauka. Da hannun nan na wanke tsakuwar nan sau uku na mayar, babanka yana zaune a nan yana lura kada in bar ko bokiti ɗaya a waje."

Inna ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce, "Ka bi shi a hankali, bawanmu. Bai sani ba."

"Au, Hajiya, yau ma ni ne bawan? To bari bawa ya koma Zariya, ku kuma ku ci gaba da shan kokonku."

Bai koma ba. Ya ce a kawo masa daro cike da ruwa da tsohuwar garwa mai yoyo. Muna da ita, wadda kaji suke kwana a bayanta. Ya ƙara huda gindinta da ƙusa, ya shimfiɗa tsumma, ya zuba farin rairayin nan kamar ɗani ɗaya. Sannan ya saka garwar a cikin daron ya danna ta ƙasa. Ruwa ya shigo ta hudojin ya taso ta cikin rairayin, sai ga shi yana ɓulɓulowa kamar yadda na gani a gindin rijiya, ruwan ya gurɓace nan take. Ya ɗaga garwar kaɗan, tafasar ta lafa. Ya sake dannawa, ta dawo.

"Ka gani?" ya ce. "Duk ƙasar unguwar nan cike take da ruwa kamar daron nan, rijiya kuwa garwa ce. In ruwan waje ya fi na ciki tsawo, da ƙarfi yake kutsowa, ya ɗago rairayi ya taho da shi. Duk gugan da kuka ɗiba a kwana ukun nan, danna garwar kuka yi. Wannan tarin kuma da matanku suke wanke tukunya da shi, daga ƙarƙashin ɗakin Hajiya ya fito."

Ya aike ni ƙofar gidan mahauci na ciko kwano da yashin da tsakuwar. Ya zubar da ruwan, ya sake shirya garwar: rairayi a ƙasa, yashi mai kaushi a kansa, sai ƙaramar tsakuwa, sai babba, sai duwatsu uku. Ya sake dannawa a daro har wuya. Na daɗe ina kallo ban ga komai ba. Can sai ruwa ya fara bayyana tsakanin duwatsun, yana hawa a hankali ba motsi. Na farko ya ɗan yi duhu saboda dattin tsakuwar, ya tsiyaye shi ya sake. Na biyu ana ganin kowane dutse a ƙarƙashinsa.

Ya ce ruwa ba ya ratsa ƙwayar yashi, tsakanin ƙwaya da ƙwaya yake bi, kamar yadda mutum yake bin lungunan cikin gari. Akwai lungun da mutum zai wuce amma jaki da kaya ba zai wuce ba. Yashi mai kaushi ƙofofinsa sun yi wa rairayi kaɗan, ƙaramar tsakuwa ƙofofinta sun yi wa yashi kaɗan, haka har sama, duwatsu kuma su danne duka da nauyinsu. Ruwa ya wuce, kaya su tsaya. Baƙin da na gani a jikinsu ba komai ba ne, in ya yi yawa wankewa ake yi a mayar.

A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wanda muke yi bayan la'asar. Na ɗauko littafina na rubuta kalma huɗu, ɗaya a kan ɗaya, na fara daga ƙasan shafi: yashi, ƙarama, babba, dutse. Na jima a kan ƙarama, don har lokacin ƙugiyar harafin tana ba ni wahala. Tsohon ya leƙa ya ce shi bai san boko ba, amma dai ya ga na fara daga inda ya kamata.

Na faɗa masa Yaya ya ce za a cike ta, sai ya zauna a zaure har Yaya ya dawo. Suka gaisa, tsohon ya ce, "Alhaji, ban ce kada ka cike ba. Ka ba ta kwana goma, uku na aiki, bakwai na hutu."

"In bangon ya faɗi a cikin kwana goman fa?"

"Ba kowa a ɗakin. Kuma ba zai faɗi bai gaya mana ba."

Ya kwaɓa yumɓu ya shafe tsagar a wuri uku, kowane kamar faɗin tafin hannu. Ya ce in ƙasa tana tafiya har yanzu, yumɓun zai rabu daidai kan layin tsagar. "In ya rabu, ni zan juye jakin farko da hannuna."

Yaya ya daɗe yana kallon yumɓun. Sannan ya ce, "Ƙasar dai za a kawo ranar Asabar, a jibge a ƙofar gida. In ya rabu, ba sai an sake wata magana ba."

Abu na farko da tsohon ya hana shi ne guga. Ya ce a bar ruwa ya hau ya kai inda yake so, domin nauyin na sama shi yake kwantar da na ƙasa. Ni kuma na tafi ƙofar gidan mahauci da shebur ina tone abin da na bayar kyauta. Ya fito yana dariya.

"Malam, kyautar ce ka biyo?"

"Aro ne ashe na ba ka."

"To ramina fa? Damina ta kusa."

"Akwai ƙasa tana zuwa ranar Asabar. Ka yi addu'a ta zama taka."

Ya shiga gida ya ɗauko kwando ya taya ni. Yashin ya riga ya cakuɗe da ƙasar lungu, sai da muka sa mai jaki ya kawo sabo daga Challawa. Tsakuwar muka rairaye ta kashi biyu. Wankewa kuwa nan aka zo wurina. Na zauna da buroshi ina bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya da ruwan zartsin gidan tela, matan gida suna wucewa suna tambaya ko in sa musu sitaci. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya juya ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi wa dutse wannan gata ba.

Ranar Juma'a da sassafe na sake shiga. Wannan karon ba a kwashe ruwa ba, iya ƙirji ya kama ni, ba na ganin komai a ƙarƙashinsa. Na tambayi tsohon me zai hana a zuba daga sama mu huta. Ya ce in aka zuba daga sama, mai nauyi zai riga sauka, marar nauyi ya tsaya yana yawo ya sauka daga baya, sai shirin ya kife. Saboda haka bokiti-bokiti aka riƙa sauko mini da shi, ina nutsar da bokitin har ƙasa sannan in karkata shi a hankali, in baje da tafin ƙafa. Da ƙafa na yi aikin duka. Da farko rairayin yana jan ƙafata kamar da. Da yashi ya kai ɗani ɗaya sai na ji ƙasa ta fara tsayawa. Da ƙaramar tsakuwa ta hau, na ji wani sanyi yana tasowa tsakanin yatsun ƙafata, ko'ina daidai, ba daga wuri ɗaya ba. Na faɗa wa tsohon.

"Shi ke nan," ya ce daga sama. "Yanzu ya daina gudu, tafiya yake yi."

Dutsen da ya sunkuyo na laluba bayansa na ji rami, hannuna ya shige har gwiwar hannu. Na cusa tsakuwa har ya daina karɓa, na tura dutsen da kafaɗa, na tokare shi da ƙananan duwatsu. Na fito jikina yana kyarma, matata ta miƙo mini kunu mai zafi a tsakiyar bazara. Muka rufe bakin rijiyar da tsohon ƙyaure, tsohon ya ɗora turmi a kai ya ce duk wanda ya ɗaga shi kafin kwana bakwai, shi da Allah.

Ranar Asabar masu jakuna suka zo kamar yadda Yaya ya faɗa, suka jibge jar ƙasa a ƙofar gida. Duk shigata da fitata sai na kewaye ta.

Kwana bakwan nan ban wanke hula ko ɗaya ba. Na faɗa wa masu ita gaskiya. Wasu suka ce za su jira, wasu suka karɓi kayansu suka kai wani wuri, ban ga laifinsu ba. Wani mai taro a ranar ya karɓi tasa yadda ya kawo ta, ya kaɗe ta a gwiwa ya kafa a ka, ya ce daga nesa ba mai ganewa. Abin da ban zata ba shi ne na ji daɗin zaman. Rabona da in zauna da Inna da hantsi har na manta. Tana tsince shinkafa, ni ina maimaita haruffa a littafi, tana ba ni labarin matan da suka zauna a gidan nan kafin a haife mu, da wadda ta iya tuwo da wadda ba ta iya ba. Ruwan garuwa muke sha, kullum sai ta ce yana warin ƙarfe.

Kowace safiya kafin komai sai na duba yumɓun. Rana ta uku na ga ya tsattsage. Ko karyawa ban yi ba na nufi Jakara. Tsohon ya biyo ni yana mita, ya tsuguna ya duba, ya ɗago ya ce, "Wannan rana ce ta busar da shi. Dubi, tsagar ta bi ko'ina kamar gindin tafki da rani. Ta ƙasa layi ɗaya take bi. Ka taso tsoho da sassafe saboda rana ta yi aikinta?" Ya sake shafa sabo, ya ce in rufe da jiƙaƙƙen buhu. Inna ta sa aka ba shi koko da ƙosai, ya ce wannan kokon dai ya yarda da shi tunda ba daga rijiya aka ɗebo ba.

Ranar da kwana bakwai suka cika, Yaya bai fita kasuwa da wuri ba. Tela da mahauci suka shigo, tsohon ma ya iso. Yaya da kansa ya ɗage buhun. Yumɓu uku suna nan lafiya, ba ko layi. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Muka sauke turmi muka janye ƙyauren. Tsohon ya ce in saki guga a hankali, kada in jefa. Na jawo na juye a farin kwanon sha, muka ajiye a ƙasa muka kewaye shi. Ruwan yana da ɗan hazo kaɗan. Muka jira. Tsohon ya karkata kwanon ya tsiyaye, ya shafa gindinsa da yatsa ya nuna wa Yaya. Babu ko ƙwayar rairayi.

"Hazon zai tafi nan da jibi," ya ce. "Amma ka ji ni da kyau, mai wanki. Guga goma, ka tsaya ka yi wani aikin, ta mayar da abin da ka ɗiba, sannan ka dawo. Ramin da ka yi a bayan ginin nan bai gama cikewa ba. In ka zaburar da ita za ta sake tafasa."

Na ce na ji. Har yau haka nake yi, shi ya sa nake jiƙa huluna kashi-kashi maimakon in tara su gaba ɗaya.

Mahauci ya yi gyaran murya ya ce, "To Alhaji, ƙasar nan ta ƙofar gida fa?"

Yaya ya ce, "Ɗebi ta raminka. Sauran a yaɓe katangar baya kafin ruwa ya sauka."

Inna ba ta jira an ce mata komai ba, ta riga ta sa matata ta fara mayar da kayanta, tana cewa ɗakin da aka ajiye ta zafi gare shi kamar murhu. Yaya ya juya zai fita, ya kai bakin zaure ya tsaya. Ya cire hularsa ƙube ya duba cikinta, ya miƙo mini.

"In hazon ya tafi," ya ce, "ka fara da wannan."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wata tsohuwar hula ya sa, ya tafi kasuwa.